Daga rubutu zuwa lamba: tambayoyin da masu koyon rubuta manhaja a Maraɗi suka fi yi mini

Na daɗe ina zama da matasa masu koyon rubuta manhaja a nan Maraɗi. Wasu ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne, wasu yaran shago ne da suka fara koyo a wayar hannu. Babu ƙorafin da ya fi dawo mini kamar wannan: an karɓi lamba daga akwatin shigar da bayani ko daga fayil, an yi lissafi da ita, sakamako ya fito a karkace. Na tara tambayoyin wuri guda don in huta da maimaici, kuma yadda suka zo mini haka na bar su. Yawancin misalan na Python da JavaScript ne, don su aka fi taɓawa a wurinmu.

Malam, ni 12 na buga da hannuna. Don me kwamfuta take cewa ba lamba ba ce?

Domin abin da ya iso mata haruffa biyu ne a jere, 1 da 2. Duk abin da ya fito daga madannai, ko fayil na CSV (tebur da aka ajiye a rubutu zalla), ko saƙon waya, ko adireshin shafin intanet, a matsayin rubutu yake zuwa. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963, harafin 0 lambarsa 48 ce, harafin 1 kuma 49, haka har 9 mai 57. Ke nan "12" a cikin na'ura 49 ce da 50 zaune kusa da juna. Adadin sha biyu kuwa wani abu ne daban, 1100 a lissafin sifili da ɗaya. Takardar da dillali ya rubuta wa "buhu 12" ba ta shiga tukunya, sai an je sito an ƙirgo buhunan.

Shi ya sa a JavaScript `"12" + 1` ke ba ka `"121"`, ya liƙa harafi a jikin harafi, amma `"12" - 1` ya ba ka 11, don ba a ɗebe rubutu daga rubutu, sai ya juya su da kansa. Python ba ya wannan karambanin, tsayawa yake ya ce nau'ukan ba su haɗu ba. Shi ya sa kuma idan ka jera farashi yana rubutu za ka ga 100 ta riga 25, tunda 1 tana gaban 2.

Juyawar kanta ba sihiri ba ce. Ɗauki "125". Ka fara da sifili, kowane harafi ka cire masa 48, ka ninka abin da ke hannunka sau goma ka ƙara shi: 1, sai 12, sai 125. Duk wahalar tana cikin abin da za a yi idan harafi na gaba ba lamba ba ne.

Na riga na tsinto lambar daga cikin jimla. Ba shi ke nan ba?

Da saura. Tsintowa ta ce maka ga guntun rubutu mai kama da lamba. Kafin ya zama adadin da za a yi lissafi da shi sai ka yanke shawara uku: da ƙa'idar wa aka rubuta shi, wane mazubi zai ɗauke shi, me za a yi idan ya ƙi karantuwa. Idan ba ka yanke ba harshen da kake aiki da shi zai yanke maka, kuma waɗanda suka gina shi ba su taɓa ganin rasit na kasuwar Maraɗi ba.

Na ba `parseInt` na JavaScript "12 500" ya mayar mini da 12. Lalacewa ya yi?

Lafiyarsa lau, haka aka gina shi. Yana karanta haruffa daga hagu, da ya ci karo da wanda bai gane ba sai ya tsaya ya miƙo abin da ya tara, bai ce uffan ba. Mu kuwa a Nijar da fili muke raba dubbai, kamar yadda aka koya mana a lakwal: 12 500. Wurin filin nan ya tsaya.

Wannan ta taɓa cina. Na yi wa wani ɗan kasuwa mai sayen aya da wake ƙaramar manhajar rubuta ciniki. Na gwada da 500 ta yi, na gwada da 7500 ta yi, na miƙa aiki na karɓi kuɗina. Magatakardansa kuwa ɗan lakwal ne na gaske, ba ya rubuta dubu ba tare da fili ba. Da yamma aka tara cinikin yini, Alhaji ya ga jimillar ba ta kai kuɗin tiya ɗaya ta gero ba. Sa'ata ita ce kuskuren ya yi girman da makaho ma zai gani. Da a ce rabin layukan an rubuta su da fili rabi babu, jimilla za ta fito da kamar gaskiya, a yi wata ana zargin yaron shago da sata.

Tun ranar na raba waɗannan kayan aiki gida biyu. Akwai masu shiru. `atoi` na C idan ka ba shi "abc" sifili zai ba ka, ba ka da hanyar bambanta shi da sifilin gaske. PHP idan ka tilasta "12abc" ta zama `int`, wato cikakkiyar lamba, 12 za ka samu. `CAST` na SQLite haka yake, `toInt` na Arduino ma sifili yake bayarwa idan ya rasa abin karantawa. Akwai kuma masu ƙara. `int("12 500")` a Python tsayawa yake da `ValueError`. `Integer.parseInt` na Java yana jefa `NumberFormatException`. `strconv.Atoi` na Go yana dawo da kuskure tare da sakamako, `parse` na Rust kuma ba ya barin ka taɓa adadin sai ka faɗi abin da za a yi in an kasa. Kotlin na da `toIntOrNull`, Dart na da `int.tryParse`, C# na da `int.TryParse`.

Masu koyo sun fi son masu shiru don ba sa tsayar da manhaja. Ni masu ƙara nake so, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A JavaScript ka ɗauki `Number` maimakon `parseInt`, shi `Number("12 500")` NaN yake bayarwa, wato "ba lamba ba", sai ka duba. A C ka ɗauki `strtol`, ka tabbatar ya karanta har ƙarshen rubutun, ka kuma leƙa `errno`.

Waƙafi ko ɗigo? Wanne ne daidai?

Duka biyun, kuma nan ne bala'inmu na mutanen bakin iyaka. Dubi wannan: 655,957. Wanda ya yi karatu a Maraɗi zai ce darajar Yuro ɗaya ke nan da sefa, tamma 655 da ɗan gutsure, don a Faransanci waƙafi, birgil ɗinmu na lakwal, shi ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta. Ka tsallaka Ɗan Isa ka shiga Jibiya ka nuna wa ɗan Katsina, zai ce dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗari tara da hamsin da bakwai. A wurinsa waƙafi dubbai yake rabawa, ɗigo ne na gutsure. Haruffa iri ɗaya, tsakanin karatun biyu ninki dubu. Ga kuma wasu tsofaffin ma'aikatanmu da ke raba dubbai da ɗigo, su rubuta 12.500 F suna nufin jika sha biyu da rabi.

Harsunan kwamfuta yawancinsu ɗigo suka sani. `parseFloat("3,5")` 3 zai ba ka, ya zubar da rabin. `float("3,5")` a Python ƙi yake. C# ya fi ban tsoro, don `double.Parse` yana bin saitin na'urar da yake gudana a kai: a kwamfutar da aka saita da Turancin Amurka "3,5" tana zama 35, a wadda aka saita da Faransanci ta zama uku da rabi, can kuma "3.5" ce ake ƙi. `strtod` na C ma yana bin saitin yanki idan manhajar ta kunna shi, shi ya sa C++17 ya zo da `from_chars` wanda ba ruwansa da yanki.

A Android akwai tarkon da kusan kowane ɗalibina ya faɗa. Ka sa `String.format` ya rubuta nauyi da gurbi biyu, ka nuna a akwati, daga baya ka karanto shi da `toDouble`. A wayarka da aka sayo a Farm Centre ta Kano, mai saitin Turanci, "3.50" take fitowa, komai lafiya. A wayar abokin cinikinka mai saitin Faransanci "3,50" ce, manhaja ta mutu a hannunsa. Kai kana rantsuwa tana aiki, shi yana rantsuwa ba ta yi, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Abin da nake yi shi ne raba hanya biyu. Abin da na'ura ke rubuta wa na'ura, fayil ko saƙo tsakanin manhajoji, ƙa'ida ɗaya tak: ɗigo, babu mai raba dubbai, ba a duba saitin kowa. Abin da mutum ke bugawa kuwa, akwatin ya faɗa masa irin rubutun da ake so, kuma bayan an karanta a nuna masa abin da aka fahimta kafin a ajiye. Kada ka bar manhaja ta yi canke. "1,250" ba ta da amsa sai an san wanda ya rubuta ta.

Na cire duk filayen da `replace`, har yanzu "12 500" ta ƙi. Aljanu ne?

Fili ba ɗaya ba ne. Wanda madannai ke bugawa lambarsa 32. Wanda manhajoji ke sakawa tsakanin dubbai a tsarin Faransanci wani harafi ne da ba ya bari a karya layi a kansa, U+00A0, ko siririn ɗan'uwansa U+202F, wanda `toLocaleString` na burauzocin yanzu ke fitarwa. Ido ba ya bambanta su. Idan aka kwafo lamba daga Excel ko daga shafin banki, da su take zuwa. Ga yadda nake karanta sefa a Python:

```
def karanta_sefa(rubutu):
    tsabta = "".join(rubutu.split())
    if not (tsabta.isascii() and tsabta.isdigit()):
        raise ValueError("Ba a gane kuɗin ba: " + rubutu)
    return int(tsabta)
```

`split` ba tare da an ba shi komai ba ya san dukkan ire-iren filin. Da gangan na bar shi yana ƙin "12.500" da "12,500". A JavaScript `\s` yana kama su duka.

Lambar waya ai lamba ce. In zuba ta a `int`?

A'a, ƙanwata. Ki tambayi kanki: akwai ranar da zan tara wannan da wata, ko in raba ta biyu? Idan babu, suna ce da aka rubuta da alƙaluma, ki bar ta a rubutu. Lambar waya, lambar asusun banki, lambar katin ɗan ƙasa, lambar ɗalibi, duk sunaye ne.

Lambobin wayar Najeriya da sifili suke farawa, da kin juya su sifilin ya tafi. Namu na Nijar alƙaluma 8 ne, suna shiga `int` lafiya, sai ki shekara ba ki ga matsala ba. Ranar da wani ya sa 227 a gaba sun zama 11, mazubi ya cika. Alamar + kuwa tun farko ta ɓace.

Excel ya fi kowa wannan ɓarnar. Da kin buɗe CSV da shi kai tsaye zai cinye sifilin farko, kuma alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, na 16 zuwa sama ya mayar da su sifili. Lambar kaya irin "12E3" yana ɗaukarta 12,000. Masu binciken ƙwayoyin halitta sun sha wuyarsa har suka gaji: yana mayar da sunaye irin SEPT1 da MARCH1 kwanan wata, sai a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya canza su zuwa SEPTIN1 da MARCHF1. Masu tattara bayanai da manhajar Kobo ko ODK a ƙauyukan Dakoro da Mayahi su ma su kula, tambaya mai nau'in `integer` a ODK Collect alƙaluma 9 take karɓa. Lambar waya a ba ta nau'in `text`.

Wane mazubi zan zaɓa wa cikakkiyar lamba?

Wanda zai ɗauki mafi girman adadin da zai iya zuwa, ba wanda ka gwada da shi ba. Mai bit 16, wato gurbi 16 na sifili da ɗaya, yana tsayawa a 32,767. Mai bit 32, wato `int` na Java da C#, yana tsayawa a 2,147,483,647. Mai bit 64 ya haura biliyan sau biliyan tara.

Sefa miliyar biyu da ɗoriya kamar da yawa ne, har sai an ce ka tara cinikin shekara na babban ɗan kasuwa. Idan kuma naira kake ajiyewa a kwabo, iyakar ta sauko zuwa naira 21,474,836 da kwabo 47, kuɗin da motar kaya ɗaya ke wucewa. Masu wasa da Arduino Uno su sani `int` ɗinsa bit 16 ne: ka zuba masa 40,000 ka karanto −25,536.

Kada ka ɗauka wannan kuskuren 'yan koyo ne kaɗai. Ranar 1 ga Janairun 2022 saƙonnin imel suka maƙale a kamfanoni da yawa masu amfani da Exchange na Microsoft. Sashen binciken ƙwayar cuta yana karɓar lambar sabuntawa da ke farawa da shekara, wata da rana, yana juya ta zuwa mazubi mai bit 32. A 2021 lambar da 21 take farawa, tana shiga. Da shekara ta juya ta zama "2201010001", ta haura 2,147,483,647, juyawa ta gagara. Kafin nan, ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Ariane 5 ta tarwatse kafin ta cika minti ɗaya da tashi, saboda an zuba adadi mai bit 64 cikin mazubi mai bit 16. Wancan ba daga rubutu aka juyo shi ba, amma ciwon ɗaya ne. Tun ran gini ran zane.

Python ba shi da wannan iyakar, cikakkiyar lambarsa tana girma yadda ake so. Sai dai tun sigar 3.11 `int` yana ƙin rubutun da ya wuce alƙaluma 4,300, don kada wani ya turo doguwar lamba ya shagaltar da na'ura.

Me ya sa 0.1 + 0.2 ba ta ba ni 0.3? Kuma ina ruwan wannan da kuɗi?

Tana ba ka 0.30000000000000004, a Python, a JavaScript, a Java, ko'ina ake bin ƙa'idar IEEE 754 ta 1985. Kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa a lissafinmu na goma, 0.333 har abada, haka ɗaya bisa goma ba ta ƙarewa a lissafin sifili da ɗaya. Lokacin da `float("0.1")` ke aiki, mafi kusa da 0.1 yake ajiyewa cikin bit 53 da yake da su. Asarar tun wurin juyawa ta faru, kafin a yi lissafin komai.

Ga nauyin buhu ko zafin rana wannan ba komai ba ne. Ga kuɗi kuwa masifa ce. Gwada `int(float("19.99") * 100)` a Python. 1998 za ka gani, don ninkin ya ba da 1998.9999999999998, `int` kuma yanke wutsiya yake yi. Kwabo ɗaya ya tafi, a layi dubu ka ga rami.

Mu masu sefa Allah ya rufa mana asiri. A ƙa'idar ISO 4217 kuɗinmu, XOF, ba shi da gutsure ko ɗaya, saboda haka cikakkiyar lamba mai bit 64 ta wadatar. Naira tana da gurbi biyu, sai a ajiye ta a kwabo, ko a yi amfani da `Decimal` a Python, `BigDecimal` a Java, `NUMERIC` a rumbun bayanai. Amma a juya kai tsaye daga rubutun. `Decimal("0.1")` daidai take cif. `Decimal(0.1)` kuwa ta riga ta bi ta `float`, za ta kwaso dattin duka ta nuna maka shi da dogon jeren alƙaluma. Darajar canji, irin 655.957 ɗin nan, ita ma `Decimal` ce, kuma sau ɗaya ake zagaye sakamako, a ƙarshe.

Idan an bar akwatin babu komai fa?

`Number("")` a JavaScript sifili ne, kuma wannan ya ɓata rahotanni da yawa. Yaron da ba a auna nauyinsa ba daban, yaro mai nauyin kilo sifili daban, na biyun ma babu shi a duniya. Ka cusa sifili a gurbin "ba a sani ba", matsakaicin nauyin yaran gari ya faɗi. Ka duba fanko tun kafin juyawa, ka ajiye shi a `null` ko `None`. Masu aiki da pandas, kayan aikin Python na sarrafa tebur, kuma za su ga layin cikakkun lambobi ya koma 12.0, 7.0 da zarar gurbi ɗaya ya zama fanko. Nau'in `Int64` mai babban harafi shi ke maganin wannan.

Manhajata ta karanta 200 daidai, amma mai shago ya ce kuɗin ba haka ba ne.

Tambaye shi ɗari biyun me. A bakinmu kuɗi da dala ake ƙirga shi, dala ɗaya tamma 5. Dala ashirin 100 F ce, dala ɗari biyu jika guda, 1,000 F. Wanda ya yi lakwal ya saba juyawa a kansa kafin ya rubuta. Tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ko yaron da aka ba waya ya shigar mata, abin da baki ya faɗa shi zai buga. Ƙetaren iyaka kuma jaka naira 200 ce a tsohon ƙirge, ba dubu ba.

Babu `parse` da zai warware wannan, don haruffan ba su da laifi. Nau'in adadi bai tsaya ga `int` ko `float` ba, har da abin da ake ƙirgawa. Ni a cikin sunan nake sa shi, `farashi_sefa`, `nauyi_kilo`, `yawan_tiya`, don idan na ga ana tara `farashi_dala` da `farashi_sefa` idona ya tsaya. A fuskar manhaja kuma, ƙarƙashin akwatin, ina nuna duka biyun yayin da ake bugawa: "200 F, wato dala 40". Mai shago da ya ga haka shi da kansa zai gyara.

Wani malamin Islamiyya ya buga ١٢٥. Za ta karantu?

A Python e, `int("١٢٥")` 125 ce, Java ma yana karɓa. JavaScript NaN zai ce, C kuma bai san su ba. Idan fuskar manhajarka JavaScript ce bayanta Python, ɗaya zai ƙi abin da ɗayan ya karɓa. Ka yanke shawara wuri guda. Idan masu amfani da ita mutanen allo da ajami ne, ka mayar da alƙaluman zuwa 0 har 9 tun a bakin ƙofa. Kada kuma ka dogara da `isdigit` shi kaɗai, yana cewa e ga "²", alhali `int` ba ya karɓarta.

An ce 010 takwas ce. Wasa ne?

Ba wasa ba ne. A C lambar da ta fara da sifili ƙirgen takwas-takwas ce, kuma `strtol` yana bin wannan idan ka ba shi tushe 0. Tsofaffin burauzoci, kafin ƙa'idar ES5 ta 2009, suna mayar da `parseInt("08")` sifili, sai manhajar kwanan wata ta yi aiki daga Janairu har Yuli ta faɗi a Agusta. Ka riƙa faɗin tushen da bakinka: `parseInt(x, 10)`.

JSON ai lambobi yake kawowa, ba rubutu ba. Can ma akwai matsala?

JSON, tsarin da manhajoji ke aika wa juna bayanai da shi, rubutu ne daga farko har ƙarshe, wani ne ke juya maka shi a ɓoye. Ƙa'idarsa ba ta raba cikakkiyar lamba da mai gutsure ba, ba ta kuma sa iyakar girma ba, kowane harshe da yadda yake karɓa. JavaScript duk lamba a `double`, mazubin lamba mai gutsure, yake zuba ta, kuma cikakkun lambobin da yake riƙewa ba kuskure sun tsaya a 9,007,199,254,740,991. Ka ba shi 9007199254740993 ya mayar maka da mai ƙarewa da 992, shiru. Twitter ta gamu da wannan a 2010 da lambobin saƙonninta suka koma bit 64, sai ta ƙara gurbin `id_str` mai ɗauke da lambar a rubuce. Ka yi koyi da su: doguwar lambar shaida, irin ta cinikin kuɗin waya, a tura ta cikin alamar zance. A Python kuma `json.loads` yana karɓar `parse_float=Decimal` idan kuɗi ne a ciki.

In rubuta nawa mai juyawar mana, tunda na gane yadda yake?

Na cikakkiyar lamba, rubuta don koyo, darasi ne mai kyau na yamma ɗaya. Na mai gutsure, bar wa masu shi. A farkon 2011 an gano cewa rubutun "2.2250738585072011e-308" yana sa PHP ya yi ta juyi ba ya fita, bayan 'yan makonni aka samu irinsa a Java da lamba mai kusan kama da ita. Waɗannan ƙwararru ne da suka shekara a kan aikin. Naka shi ne tsabtacewa da tantancewa kafin ka miƙa wa na harshen.

`eval` kuwa, mai gudanar da rubutu a matsayin umarni, kada ma ka kusance shi. Na ga ɗalibai suna amfani da shi don yana karɓar komai. Yana karɓar komai ɗin ne har da umarnin goge fayilolinka, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka kuma tuna `float` na Python yana karɓar "nan" da "inf" da "1e9" da hannu biyu. "nan" ɗaya ta shiga jimilla, jimillar duka ta zama "nan", wato "ba lamba ba". Bayan juyawa sai ka tambaya ko adadin yana cikin hankali: farashin buhu ba ya zama ƙasa da sifili, shekarun mutum ba sa kai 300.

Da me zan gwada kafin in miƙa aiki?

Ina da 'yar takarda manne a jikin kwamfutata tun ranar Alhajin aya. Fanko. Fili kaɗai. "12 500" da filin madannai, da kuma wadda aka kwafo daga Excel. "12,5" da "12.5" da "12.500". "007". "-5". "+227". "5kg" da "500F". Harafin O a gurbin sifili. Lamba mai alƙaluma 20. Sannan in canza harshen wayar daga Faransanci zuwa Turanci in sake bi daga farko.

An turo mini fayil da aka haɗa daga Maraɗi da Katsina, wasu layuka da waƙafi wasu da ɗigo. Yaya zan yi?

Da farko karanto komai a matsayin rubutu, a pandas `dtype=str`, kada ka bar kowa ya juya maka. Duba mai raba gurabe ma, don Excel mai saitin Faransanci da `;` yake fitar da CSV, tunda waƙafi na da wani aikin. Idan akwai gurbin da ke nuna inda kowane layi ya fito, ka gama: layukan Maraɗi da ƙa'idarsu, na Katsina da tasu.

Idan babu, wasu layukan suna faɗin kansu. "1,250.50" ta Najeriya ce, "1 250,50" tamu ce, "12,5" ba za ta zama dubbai ba tunda alƙalami ɗaya ne bayan waƙafin. Waɗanda suka rage su ne masu alƙaluma uku cif bayan alama ɗaya, irin "1,250" da "12.500". Waɗannan kada ka juya su. Ware su a fayil daban tare da lambar layinsu, ka buga wa wanda ya turo waya, ya buɗe kundin da aka kwafo su ya karanta maka. A teburin ƙarshe kuma ka bar gurbi biyu kusa da juna, ɗaya na adadin da ka juya, ɗaya na ainihin rubutun yadda ya zo, don ranar da Alhaji zai ce ba haka ya rubuta ba.